Yadda Ake Shirya Gasar Golf Ta Tsofaffin Ɗalibai Don Tara Tallafin Karatu Da Sunan Ɗan Sama Jannati

Da zarar ƙanƙarar hunturu ta narke a jihar Indiyana, ciyawa ta sake yin kore, sai wayoyin tsofaffin ɗalibai su fara ƙara: yaushe za a yi golf ɗin bana? Ni da wannan wasa ba mu san juna ba kafin in zo Amurka. Tallafin karatu ne ya ja ni ciki. Reshen ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗaliban jami'ar Purdue yana ɗauke wa wasu yara wani ɓangare na kuɗin makaranta da sunan Gus Grissom, ɗan sama jannati ɗan asalin jihar, kuma mafi yawan kuɗin daga wasan wuni ɗaya suke fitowa. A teburin rajista na fara, daga baya aka damƙa mini littafin kuɗi. Duk wanda ya san yadda tsofaffin ɗaliban Barewa ko na Rumfa ke haɗuwa su yi wa makarantarsu hidima ya riga ya san ruhin abin. Bambancin shi ne a nan taron ya zama wasa, kuma akwai ƙa'idojin haraji da na inshora da ba a tsallake su.

Ku riƙe magana ɗaya tun yanzu, don ita ce ke sa sabon kwamiti ya yi wahalar banza shekara guda. Kuɗin shiga da 'yan wasa ke biya mafi yawansu a filin golf suke ƙarewa. Abin da ke isa ga ɗalibi daga masu ɗaukar nauyi yake fitowa. Wanda ya cika fili da mutane amma ya yi sake da neman masu ɗaukar nauyi, ya yi biki ne kawai.

Mataki na farko: ku san mutumin da za ku sa sunansa, ku nemi izini

Kada ku zaɓi ɗan sama jannati don sunansa ya fi amo. Ku zaɓi wanda ke da alaƙa ta gaskiya da makarantarku ko garinku. Tsofaffin ɗaliban North Carolina A&T suna da Ronald McNair, wanda ya gama a can a 1971 ya kuma rasu a hatsarin kumbon Challenger ranar 28 ga Janairu 1986. Na jami'ar Texas da ke Arlington suna da Kalpana Chawla, wadda ta rasu a kumbon Columbia ranar 1 ga Fabrairu 2003. Purdue kuwa sai dai a zaɓa a darje: Neil Armstrong ya gama a 1955, Gene Cernan a 1956, Roger Chaffee a 1957.

Grissom an haife shi a ƙaramin garin Mitchell da ke kudancin Indiyana a 1926, ya gama karatun injiniya a Purdue a 1950. Yana cikin mutum bakwai na farko da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta zaɓa a 1959. Ranar 21 ga Yuli 1961 ya zama Ba'amurke na biyu da ya leƙa sararin samaniya, cikin kumbon Liberty Bell 7, wanda ya nutse a teku bayan saukarsa, ba a ciro shi ba sai a 1999. A watan Maris na 1965 ya jagoranci tafiyar Gemini 3 tare da John Young. Ranar 27 ga Janairu 1967 wuta ta tashi cikin kumbon Apollo 1 ana tsakiyar gwaji a ƙasa a Fulorida, ya rasu tare da Ed White da Roger Chaffee.

Wannan tarihi kowa a jihar ya san shi. Abin da na ga yana taɓa zuciyar masu bayarwa wani ne daban. Grissom ba ɗan masu hali ba ne. Da tallafin da gwamnati ke ba tsofaffin sojoji ya shiga jami'a, bai ishe shi ba, sai ya kama aikin soye-soye a wani ƙaramin gidan abinci, matarsa Betty kuma tana aikin haɗa waya a kamfanin tarho. Wato mutumin da aka sa wa wani babban gini a jami'ar sunansa ya taɓa zama irin yaron da kuke tara wa kuɗi. Wannan labari za ku sa a wasiƙar neman taimako, a layin farko.

Sai izini. Ku rubuta wa iyalin mamacin takarda, ku faɗi ko ku su wane ne, me za ku yi da sunan, ina kuɗin za su tafi. Ladabi ne, kuma doka ce: a Indiyana haƙƙin amfani da suna da hoton mutum yana nan har shekara 100 bayan rasuwarsa. Ofishin tsofaffin ɗalibai na jami'a shi ya fi sanin hanyar isa ga iyali, ta nan za ku bi. Tambarin NASA kuma kada ya hau riga ko hula ko allon talla ba tare da amincewar hukumar ba, don tana tsananta cewa kada a nuna kamar ita ke goyon bayan wani taro.

Idan wani ya tambaye ku me ya haɗa golf da sararin samaniya, akwai amsa mai daɗi. A watan Fabrairun 1971, Alan Shepard, abokin Grissom cikin bakwan nan, ya ɗaura kan sandar golf a jikin sandar ɗibar duwatsu ya buga ƙwallo biyu a doron wata. Shi ɗin dai yana cikin waɗanda suka kafa gidauniyar tallafin karatu ta 'yan sama jannati a 1984, tare da sauran abokansa biyar da ke raye a lokacin da kuma Betty Grissom.

Mataki na biyu: inda kuɗin za su zauna

Kafin ku karɓi ko dala ɗaya, ku warware wannan. Kuɗin tallafi ba sa zama a asusun wani mamba, komai amanarsa. Hanya mafi sauƙi ita ce ku buɗe asusun tallafin a ƙarƙashin gidauniyar jami'a, wadda dama tana da rajistar ƙungiyar jinƙai ta sashe na 501(c)(3) a wurin hukumar haraji ta IRS. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da yawa ba su da irin wannan rajista da kansu, kuma in babu ita mai bayarwa ba zai iya cire kyautarsa daga harajinsa ba. Kamfanoni sukan yi wannan tambaya tun a ganawar farko.

Akwai ƙa'idoji biyu da ma'aji zai haddace. Duk wanda ya ba da dala 250 ko fiye sai an ba shi rubutacciyar shaida. Sannan duk wanda ya biya fiye da dala 75 ya kuma karɓi wani abu a madadi, kamar wasa da abinci, sai an rubuta masa darajar abin da ya karɓa, don rarar da ke sama ce kaɗai ake lissafawa kyauta. In ɗan wasa ya biya 150, abin da ya mora ya kai 110, to kyautarsa 40 ce. Ku buga wannan a jikin rasit ɗin tun farko.

Ku kuma yanke shawara: duk abin da aka tara za a raba shi a shekarar, ko za a riƙa ajiye wani kaso a asusun dindindin, irin na waƙafi, wanda ribarsa kawai ake taɓawa? Jami'o'i da yawa ba sa buɗe irin wannan asusu sai an kai dala 25,000 ko fiye, kuma abin da ake fitarwa a shekara bai cika wuce kashi 4 zuwa 5 cikin 100 ba. Ni ra'ayina a raba biyu. Yaran bana suna da buƙata yanzu, amma kwamiti yana tsufa, ƙungiya tana yin sanyi, kuma asusun dindindin ne zai riƙe sunan ranar da babu mai ƙarfin shirya wasa.

Mataki na uku: kwamiti, rana da fili

Mutum shida zuwa takwas sun isa: shugaba, ma'aji, mai neman masu ɗaukar nauyi, mai rajistar 'yan wasa, mai kula da 'yan sa-kai, da wani ɗan golf na gaske da zai riƙa magana da masu filin da yarensu. Ku fara wata tara kafin ranar.

A Indiyana daga Mayu zuwa Satumba ake yi. Ku kauce wa ƙarshen makon da ake tseren motoci na Indy 500 a ƙarshen Mayu, da ranakun Asabar na kaka da ƙungiyar ƙwallon jami'a ke wasa a gida, don mutanenku duk suna can. Litinin da Juma'a aka fi so. Na fi son Litinin saboda dalili biyu: filaye masu zaman kansu sukan rufe wa mambobinsu ranar su ba da haya, mutane kuwa suna marmarin taka filin da ba kullum ake shigarsa ba, sannan mu Musulmin cikin kwamiti ba ma rasa sallar Juma'a. Ku duba kalandar Musulunci ma, tunda azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara.

Takardar yarjejeniya da masu fili, a nan ake cin mutum ko a tsira. Ku karanta ta layi-layi ku nemi amsar waɗannan: nawa ne kafin alƙalami, kuma ana maido da shi? Mutum nawa kuka lamunce za ku biya wa ko sun zo ko ba su zo ba? Yaushe ake rufe ƙidaya? Ƙananan motocin fili da abinci suna cikin farashi? An yarda ku shigo da abinci ko ruwan da wani ya ba ku kyauta? In hadari ya hana wasa, me za a yi?

Wannan ta ƙarshe da ta lamuni sun taɓa ƙona mu. Wata shekara mun sa hannu a kan adadi mai yawa don muna zaton fili zai cika. Aka wayi gari da hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga yamma, mutum kusan 20 ba su zo ba, aka kuma busa jiniyar tsawa muna rami na sha ɗaya. Masu filin suka buɗe takarda suka nuna mana layin da muka sa wa hannu, muka biya har kuɗin kujerun da babu kowa a kansu. Abin da ya tafi a nan ya kai tallafin yaro guda. Tun daga ranar ba ma lamuncewa sai da adadin da muka tabbata, a ƙara daga baya, kuma sai an rubuta a cikin takardar ranar da za a sake wasan in hadari ya hana.

Mataki na huɗu: lissafi da neman masu ɗaukar nauyi

Ga misali don ku ga yadda kuɗin ke tafiya, ku sa naku alƙaluman a gurbinsu. A ce 'yan wasa 100 ne, kowa ya biya dala 150, an sami 15,000. Fili da mota da abinci suka ci 95 a kan kowane mutum, wato 9,500. Ƙaramar kyautar maraba, hula ko ƙwallaye, ta ci 1,500. Saura 4,000. Aikin wata tara ke nan in a nan kuka tsaya.

Yanzu ku ƙara masu ɗaukar nauyi. Babban mai ɗaukar nauyi guda, wanda sunansa zai hau allon ƙofa, 5,000. Ramuka 18, kowanne a ba wani kamfani ko iyali a kan 300, an sami 5,400. Wanda zai ɗauki nauyin abinci 1,500, na motoci 1,000. Jimla 12,900, kuma abin da za ku kashe a kansu bai wuce kuɗin buga alluna ba. Fiye da ninki uku ke nan na abin da 'yan wasa 100 suka bari.

Saboda haka wanda ya fi kowa iya magana da haƙuri a kwamiti, shi za a ba wannan aiki, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Ku zauna ku rubuta sunayen duk tsofaffin ɗaliban da ke da kasuwanci ko muƙami a kamfani: likitan haƙori, dillalin motoci, ɗan kwangilar gini, manajan banki, masu kamfanonin injiniya da ke ɗaukar yaran jami'ar aiki. Kowane suna a sa wanda ya san shi a gefe. Wasiƙa ba ta kawo kuɗi ita kaɗai. A aika ta, bayan mako guda a buga waya, in da hali a je da ƙafa. Kamfanoni da dama suna rufe kasafin kyautarsu tun ƙarshen shekara, don haka wanda ya je a watan Afrilu yana neman kuɗin Yuni sau da yawa zai ji an ce ya makara. Ku fara a Oktoba ko Nuwamba.

Abin da za ku faɗa a ganawar ma yana da tsari. Kada ku fara da golf. Ku fara da ɗalibin bara: daga wane gari, me yake karantawa, me tallafin ya ɗauke masa. Sai labarin Grissom a gaban kaskon suya. Sai ku faɗi adadin da kuke nema ƙarara, ku yi shiru ku bar mutum ya yi tunani. Wanda ya ce ba shi da kuɗi, a tambaye shi ko yana da kaya: ruwan sha, buga alluna, tikitin kallon wasa, kwana biyu a gidan hutu. Ku kuma tuna wa kowa ya tambayi wurin aikinsa, don kamfanoni da yawa a Amurka suna ninka kyautar da ma'aikacinsu ya ba makaranta, kuma mutane na mantawa da cike takardar.

Su ma 'yan wasan, kada ku neme su ɗaya-ɗaya. Rukunin mutum huɗu ake sayarwa. Ku sami jagorori 25, kowa ya kawo abokai uku.

Mataki na biyar: tsarin wasan

Tsarin da ya dace da irin wannan taro shi ne wanda ake kira sikirambul. Mutum huɗu suna rukuni ɗaya, kowa ya buga, a zaɓi ƙwallon da ta fi faɗawa wuri mai kyau, sauran ukun su ɗauko nasu su buga daga nan, haka har a jefa rami. Amfaninsa shi ne wanda bai iya ba ba ya jin kunya kuma ba ya riƙe layi. Ku sa sharaɗin cewa sai an yi amfani da bugun farko na kowane mutum aƙalla sau biyu, don kada gwani ɗaya ya ɗauke rukuni a kafaɗarsa.

A fara lokaci guda: kowane rukuni ya tafi raminsa, a busa ƙaho, kowa ya fara. Ta haka ake gamawa tare a zauna cin abinci tare. Fili mai ramuka 18 yana ɗaukar mutum 144 in an sa rukuni biyu a kowane rami, amma wasan yakan ja sosai. Tsakanin 100 da 120 ya fi daɗi, a gama cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar. Kyautar waɗanda suka yi nasara ta zama kaya ko kofi, kada ta zama tsabar kuɗi, kuma kada ta yi tsada. Ba don ita aka zo ba.

Mataki na shida: ƙananan hanyoyin ƙarin kuɗi

Akwai abin da ake kira maligan, wato damar sake bugu in na farko ya lalace. Ana sayar da ita a teburin rajista, a ƙayyade biyu ga kowane mutum. Akwai gasar wanda ƙwallonsa ta fi kusantar rami a inda ramin ke kusa da wurin fara bugu, da ta wanda ya fi nisan bugu a inda ramin ke da nisa. Akwai kuma babbar kyauta, sau da yawa mota, ga wanda ya jefa rami da bugu ɗaya. Wannan ba daga aljihunku za ta fito ba. Inshora ake saya da 'yan ɗaruruwan daloli, dillalin motar ma yakan biya don a ajiye motarsa a wurin. Amma kamfanin inshorar zai gindaya nisan da ba za a gaza ba da shaidun da za su tsaya a bakin ramin. Ku auna nisan da safe a gaban ma'aikacin filin, ku sa manya biyu da ba sa wasa su zauna a wurin daga farko har ƙarshe. In aka saɓa sharaɗi ɗaya kuma wani ya dace, kamfanin ba zai biya ba.

Sai maganar tikitin sa'a, wanda ake saya a jefa a kwando a zaro. A irin waɗannan taruka ya zama ruwan dare. A Indiyana hukumar kula da caca ta jiha ce ke da iko a kansa, kuma ba a yin sa sai an bi ta wurinta, wanda hakan ma ya nuna ko mene ne shi. Ni na faɗa wa kwamitinmu gaskiya cewa addinina bai yarda in sayar da shi ba, na kuma kawo madadi: gwanjo. A jera kayan da aka samu kyauta a kan tebur, kowanne da takarda a gabansa, mai so ya rubuta sunansa da tayinsa, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Ciniki ne tsaf, babu wanda ya yi asarar kuɗinsa. Abokan aikina suka karɓa ba tare da gardama ba. Haka batun giya: ba a sayen ta da kuɗin tallafi, mai so ya saya da kuɗinsa a wurin masu fili, su ke da lasisi kuma su ke ɗauke da alhakin. A abinci kuma a tanadi kifi ko na ganye ga wanda ba ya cin naman da aka kawo.

Mataki na bakwai: ranar wasa

Ku iso awa uku kafin ƙaho. Alluna su hau ramukansu kafin baƙo na farko ya shigo, kuma mutum guda ya zagaya da jerin sunaye a hannu yana dubawa, don babu abin da ke kashe zumunci da mai ɗaukar nauyi kamar ya zo raminsa ya tarar an rubuta sunan kamfaninsa ba daidai ba. Teburin rajista ya kasu bisa haruffa, da na'urar karɓar kati, da canji. Duk kuɗin hannu mutum biyu ne za su ƙirga su sa hannu.

Ɗaliban da suka ci tallafin su zo, wannan ba abin sassauci ba ne. Ku sa su a rami guda da ruwan sanyi da hoton wanda ake karramawa, su gaisa da kowane rukuni. Na taɓa tsayawa a gefe ina kallon wata yarinya 'yar aji biyu tana yi wa wasu dattawa huɗu bayanin ƙaramar roka da suke haɗawa a ɗakin gwaji, tana zana ta da fensirin rubuta maki a bayan katin wasa. Ɗaya daga cikinsu ya cire hularsa ya ce shi yana aji uku na sakandare ranar da wutar Apollo 1 ta tashi, a rediyo ya ji. Ya naɗe katin ya sa a aljihun gaba. Da yamma shi ya ɗauki nauyin rami biyu na shekara mai zuwa.

In aka ji tsawa ko aka busa jiniya, kowa ya bar fili nan take, babu jayayya. Mutum riƙe da sandar ƙarfe a buɗaɗɗen wuri yana cikin haɗari na gaske.

A wurin cin abinci, jawabai kada su wuce minti 20 gaba ɗaya. Minti biyu a kan wanda ake karramawa, a yi shiru kaɗan don tunawa da shi da abokan tafiyarsa, ɗalibi ɗaya ya yi magana, a gode wa masu ɗaukar nauyi da sunayensu, a rufe gwanjo, a raba kyaututtuka. Daidai lokacin da ɗalibin ya zauna, shugaba ya miƙe ya ce duk mai son ƙara wani abu kai tsaye ga asusun, ga kati a kan kowane tebur.

Mataki na takwas: zaɓen ɗalibi da biyan kuɗin

Ku rubuta sharuɗɗan tun kafin a ga sunan kowa: daga wane yanki, wane fanni, wane matsayin maki, da yadda za a auna buƙata. Tunda sunan Grissom ne, mu mukan fifita yaran ƙananan garuruwa da waɗanda ke aiki suna karatu. A nemi gajeren rubutu daga kowane mai nema, a rufe sunaye kafin masu tantancewa su karanta. Wanda ɗansa ko ɗan ɗan'uwansa ke nema ya fita daga ɗakin, kuma mai ɗaukar nauyi ba shi da bakin zaɓe komai yawan abin da ya bayar.

Ku lura da wani abu da ya shafi yaranmu masu zuwa daga gida. In kuka ce sai wanda ya cike takardar FAFSA, wato ta neman tallafin karatu daga gwamnatin tarayyar Amurka, kun rufe ƙofa ga ɗaliban ƙasashen waje ba da niyya ba, don su ba su cancanci wannan tallafi na tarayya ba. In kuna son su shiga, ku tanadi wata hanyar auna buƙatarsu.

Kuɗin su tafi kai tsaye asusun ɗalibin a jami'a, rabi a zangon kaka rabi a na bazara, kafin ranar rufe biyan kuɗi. Ku tambayi ofishin tallafi yadda kyautarku za ta shafi sauran abin da yaron ke samu, domin a wasu makarantu tallafin waje yana sa a rage wanda aka riga aka ba shi. Abin da za ku roƙa shi ne a rage masa bashi, a bar masa kyauta. Ku kuma sanar da shi cewa abin da ya tafi a kuɗin makaranta da littattafai babu haraji a kansa, amma na ɗaki da abinci akwai.

Mataki na tara: makonni biyu bayan wasa

Cikin kwana 14 kowane mai ɗaukar nauyi ya sami wasiƙar godiya da rasit da hoton allonsa a rami. A faɗa wa kowa abin da aka tara, abin da aka kashe, da abin da ya isa ga ɗalibai, lamba uku a fili. Iyalin mamacin su ma a aika musu, tare da 'yar takardar da ɗaliban suka rubuta da hannunsu. Kwamiti ya zauna tun abin bai huce ba a rubuta abin da ya tafi daidai da wanda ya karkace, a kama ranar baɗi da masu fili, a sa duk takardu a wuri ɗaya da wanda zai gaje ku zai same su.

Ku buɗe rajistar duk yaran da suka taɓa cin tallafin, da adireshinsu na dindindin, don na makaranta yana mutuwa da sun gama. Mutum guda ya ɗauki nauyin tuntuɓarsu sau ɗaya a shekara. Shekara biyu ko uku na farko bayan sun fara aiki a gayyace su a matsayin baƙi, kada a nemi komai a wurinsu. Bayan nan a yi musu tayin su haɗa kuɗi su ɗauki rami guda tare. Mu rami na 7 muka ware musu saboda Liberty Bell 7, kuma a allon ana rubuta sunan kowa da shekarar da ya karɓa.